Haske, Fari da Tsafta: Wasu Kura-kuran Fahimta Game da Kula da Fatar Fuska

1.0 Gabatarwa

Fuska ita ce sashen jikin ɗan'adam da ya fi kowane zama a fili. Tufa tana suturta sauran jiki, amma fuska ita ke karɓar rana da iska da ƙura, ita ce kuma ake fara dubawa idan an yi baƙo ko an je neman aure. Bahaushe ya daɗe da sanin haka, shi ya sa yake cewa labarin zuciya a tambayi fuska, yake kuma cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Tun kafin zuwan kayan kanti, matan Hausawa suna da nasu kayan gyaran fuska, kamar man kaɗanya da man shanu da sabulun salo da kwalli da katambiri. Daga baya ne hoda da jan-baki da mayukan kwalba suka shigo, suka kuma shigo da nasu da'awoyin.

Manufar wannan maƙala ita ce ta tattauna wasu kura-kuran fahimta da suka yaɗu game da kula da fatar fuska, ta kuma nuna cewa galibinsu rassa ne na kuskure guda, watau ɗaukar fata tamkar ƙyalle, wanda idan ya yi duhu datti ne, idan an cuɗe shi da ƙarfi zai fita, idan kuma an zuba masa sinadari zai yi fari. Za a fara da kalmomi, domin a cikinsu ne kuskuren ya fara samun wurin zama. Daga nan sai a dubi yadda fatar take, sannan a bi kura-kuran ɗaya bayan ɗaya.

2.0 Fari da Haske a Bakin Bahaushe

Launuka uku ne suka fi yawo a harshen Hausa, watau fari da baƙi da ja, kuma da su ake siffanta fatar mutum. Akan ce wane baƙi ne, wance fara ce, wane ja ne, wanda kuma ya faɗo tsakani a ce masa wankan tarwaɗa. Har wa yau, fari da baƙi suna ɗauke da ma'anoni na ɗabi'a da na sa'a, kamar a farin ciki da baƙin ciki, farin jini da baƙin jini, farar aniya da baƙar aniya. Sabili da haka ne mai sauraro ke saurin zaton cewa duk inda fari ya fito alheri ne. Amma harshen bai tsaya a nan ba. Macen da aka yi wa camfin farar ƙafa ba yabonta aka yi ba. Haka kuma idan aka ce yaro ya yi fari a lokacin hunturu, nufin shi ne fatarsa ta bushe ta yi furu-furu, idan kuma aka ce majinyaci ya yi fari fat, to ya ɗashe ne saboda ƙarancin jini. Ashe ke nan, farin da ya sauko wa fata bayan ba a haifi mutum da shi ba, alamar rashin lafiya ne a tsohon amfanin harshe.

Haske kuwa wani abu ne daban. Idan aka ce fuskar amarya ta yi haske, ko fatar wane ta murje ta yi sumul, ana nufin sheƙi da laushi da alamar hutu da ƙoshi. Baƙin mutum yakan yi haske, fari kuma yakan rasa shi. Abin da ya faru a bayan nan shi ne, masu sayar da mayukan canza launi sun ari kalmar haske sun ɗora mata ma'anar fari. Mai saye ba ya cewa a ba shi man bilicin, domin kalmar tana da nauyi a baki, sai ya ce a ba shi mai sa haske. Da wannan sauyin ma'ana, abin kunya ya shige inuwar abin yabo, har ta kai ga mutum yana shafa sinadarin da ke kashe launinsa alhali yana ganin gyara kawai yake yi.

3.0 Yadda Fata Take

Fata gaɓa ce mai rai, kuma ita ce mafi girma a jikin mutum. Hawa uku gare ta. Akwai na sama wanda ido ke gani, akwai na tsakiya inda jijiyoyin jini da saiwoyin gashi da jakunkunan maiƙo da na gumi suke, akwai kuma na ƙasa mai kitse. Hawan sama yana sabunta kansa a kai a kai. Ƙwayoyin halitta suna tasowa daga gindinsa, su hauro sannu a hankali, su mutu, su zama ɓawo, su kakkaɓe, a cikin kimanin wata guda ga matashi.

Wannan ɓawon na waje, wanda bai kai kaurin takarda ba, shi ne katangar jiki. Ƙwayoyinsa kamar tubala suke, maiƙon da ke tsakaninsu kuma kamar yaɓe ne da aka gauraya da makuba. Shi ke hana ruwan jiki tsiyayewa, shi ke hana ƙwayoyin cuta shiga. Bayan haka, saman fata yana da ɗan tsami. Masana suna auna tsami da kishiyarsa a kan ma'auni mai hawa daga 0 zuwa 14, inda 7 ke tsakiya. Abin da ya gaza 7 yana ɓangaren tsami, abin da ya haura yana ɓangaren kanwa da toka. Fatar mai lafiya tana tsakanin 4.5 da 5.5, sabulun gargajiya da yawancin sabulan kanti kuwa suna tsakanin 9 da 10. Duk macen da ta taɓa kashe tsamin miya da kanwa ta san abin da ke faruwa idan waɗannan biyu suka haɗu.

Launi kuma yana fitowa ne daga wani sinadari da ake kira melanin, wanda wasu ƙwayoyi na musamman ke sarrafawa a gindin hawan sama. Yawan waɗannan ƙwayoyi kusan ɗaya ne ga baƙar fata da farar fata. Bambancin yana ga yawan melanin da suke fitarwa da irinsa. Watau launi daga ciki yake tasowa, ba a bisa fata yake zaune ba balle soso ya iske shi.

4.0 Kura-kuran Fahimta

4.1 Cewa ƙurajen fuska ƙazanta ce

Wannan shi ne kuskuren da ya fi cutar da matasa, domin yana haɗa musu ciwo da zargi. Ƙurajen balaga suna fitowa ne idan sinadaran balaga suka sa jakunkunan maiƙo suka ƙara aiki, maiƙon ya haɗu da matattun ƙwayoyi ya toshe ƙofar gashi daga ciki, sannan wata ƙwayar bakteriya da ke zaune a fatar kowa ta samu wurin hayayyafa, wurin ya kumbura. Mafi yawan matasa a duniya sukan yi su, mai yawan wanka da marar yawan wanka. Baƙin ɗigon da ake gani a kan hanci ma ba ƙura ba ce. Maiƙo ne da melanin da iska ta taɓa suka yi duhu, kamar yadda gauta ke sauya launi bayan an yanka shi an ajiye.

Saboda an ɗauka datti ne, sai a shiga dirza da soso da sabulu mai kaifi sau huɗu ko biyar a yini. Sakamakon haka shi ne katangar fata ta rushe, kumburi ya ƙaru. Haka nan matse ƙurji da farce yana tura abin da ke cikinsa zuwa hawan tsakiya, ya bar rami ko tabo. Ga baƙar fata wannan ya fi muni, domin duk inda ta ji rauni sai ta tara melanin a wurin, ta bar baƙin tabo mai ɗaukar watanni kafin ya baje. Sau da yawa wannan tabon ne ke kai yarinya ga mai sayar da man canza launi.

Game da abinci, sanannen zance ne cewa gyaɗa da ƙuli-ƙuli su ke kawo ƙuraje, bisa zaton cewa man da aka ci shi ke fitowa ta fuska. Bincike bai tabbatar da wannan ba. Abin da aka ga yana da ɗan alaƙa da tsanantar ƙuraje ga wasu mutane shi ne yawan sukari da abincin da ke saurin ɗaga sukarin jini, sai kuma madarar shanu. Magungunan da likitoci ke bayarwa kuwa sukan ɗauki mako 6 zuwa 8 kafin a ga amfaninsu, don haka mai sauya magani duk mako ba zai ga amfanin ko ɗaya ba.

4.2 Cewa abin da ya yi zafi shi ke aiki

Akwai tsohon tunani cewa magani sai da ɗaci, sai da raɗaɗi. An ɗauko wannan an ɗora wa fuska, har ana shafa man goge baki a kan ƙurji, ko ruwan lemon tsami, ko tafarnuwa, ko sabulun kashe ƙwayoyin cuta. Ruwan lemon tsami yana wajen 2 a ma'aunin da aka ambata, watau ya fi fata tsami nesa ba kusa ba. Ban da haka, akwai wani sinadari a cikinsa, musamman a ɓawonsa, wanda idan rana ta taɓa shi a kan fata yakan haddasa ƙuna, ya bar baƙin shaci. Ɗanyar tafarnuwa ma tana ƙona fata idan ta daɗe a kai. Raɗaɗi a fuska ƙara ce fata take kaiwa, kuma ɗaurewar da ake ji bayan wanka da sabulu mai kaifi alama ce cewa an kwashe maiƙon da ke riƙe da katangar.

Kyasbi ma ya shiga wannan sahu. Ana kankare shi, ana ɗora masa abubuwa masu zafi, alhali wata ƙwaya ce dangin yis, mai zama a fatar kowa, wadda zafi da gumi da maiƙo ke sa ta yawaita. Maganinta sananne ne a asibiti, sai dai launin wurin yakan ɗauki watanni kafin ya daidaita ko bayan ƙwayar ta mutu.

4.3 Cewa man canza launi gyara ne kawai

Wannan al'ada ba ta Hausawa kaɗai ba ce. A Senegal ana kiranta hesal, a Mali caco, a ƙasar Hausa kuma bilicin ko shafe-shafe. A shekarar 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wata takarda da ta ambaci cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Nijeriya suna amfani da irin waɗannan kayayyaki. Ya kamata mai nazari ya yi hattara da wannan adadi, domin ya yi daidai da sakamakon wani bincike da aka buga a 2002 a kan 'yan kasuwa a Legas, kuma 'yan kasuwar birni guda ba su ne ƙasa baki ɗaya ba. Duk da haka, yawan abin a fili yake, har hukumar NAFDAC ta ayyana shi a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023.

Sinadarai uku ne suka fi yawa a cikin waɗannan mayuka. Na farko shi ne haidrokwinon, wanda ke hana ƙwayoyin fata sarrafa melanin. Likitoci suna amfani da shi a kan tabo, da awo, na 'yan watanni. Idan aka daɗe ana shafa shi kuwa, sai ya juyo da aikinsa, ya bar wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kumatu da goshi wanda yake da wuyar magani. Likitoci a Afirka ta Kudu sun bayyana wannan cuta tun 1975. Tarayyar Turai ta hana sa shi a kayan kwalliya daga 2001, Kwaddibuwa ta hana mayukan canza launi a 2015, Gana kuma ta bi sahu a 2016.

Na biyu shi ne magungunan sitiroyid masu ƙarfi, waɗanda aka yi domin kumburin fata. Farin da suke kawowa illa ce daga cikin illolinsu, ita ce kuma ake saye. Suna sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana, suna kawo nankarwa da ƙuraje da makero, suna hana rauni warkewa. Idan suka ratsa cikin jini sukan taimaka wajen kawo hawan jini da ciwon sukari. Wanda ya daina su farat ɗaya kuma fuskarsa takan yi ja ta yi zafi, sai ya ɗauka man ne ke tsare shi, ya koma. Irin wannan mutum yana bukatar likita ya janye shi a hankali.

Na uku ita ce zaiba, wadda ke lalata ƙoda da jijiyoyin kwanya, tana kuma ratsawa daga uwa zuwa ɗan tayi. Ba mai shafawa kaɗai take kamawa ba, har da waɗanda suke tarayya da shi a tawul da shimfiɗa. Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda ta ɗauki sunan garin Japan inda gubar zaiba ta hallaka mutane, ta ƙayyade yawanta a kayan kwalliya, sannan a 2023 ƙasashen da ke cikinta suka amince a hana ta gaba ɗaya daga 2025. Mafi hatsari shi ne haɗin da ake kwaɓawa a kasuwa a zuba a robar da ba ta da suna, domin mai saye bai san abin da ke ciki ba. Idan aka shafa wa ƙaramin yaro kuwa, abin da jikinsa ke zuƙa ya fi na babba idan aka kwatanta da nauyinsa. A nan ne maganar Hausawa ta garin neman gira a rasa ido ta zauna daram.

4.4 Cewa duk abin gargajiya lafiyayye ne

Kayan gargajiya ba hukunci ɗaya ke kansu ba. Man kaɗanya ya ci sunansa, domin maiƙonsa yana laushi da fata yana kuma rage tsiyayar ruwa, musamman a hunturu, sai dai mai yawan ƙuraje ya kamata ya sassauta shi a fuska. Sabulun salo yana wanke maiƙo sosai, amma da toka ake yin sa, don haka yana ɓangaren kanwa, yawan sa kuma yana busar da fuska. Dilka, wadda ta iso daga Sudan ta hanyar Borno ta zama ginshiƙin gyaran amare, tana kankare mataccen ɓawo ne kawai. Hasken da take bayarwa na gaskiya ne, na 'yan kwanaki ne kuma, ba ya sauya launin da aka haifi mutum da shi. Inda matsala take shi ne idan an yawaita ta, ko an zuba mata sinadaran canza launi a ɓoye.

Kwalli shi ne ya fi bukatar a tsaya a kansa. Dutsen da aka fi sayarwa da wannan suna ma'adinin dalma ne. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Nijeriya a birnin Boston wanda aka samu dalma a jininsa, aka kuma gano cewa kwallin da ake sa masa yana ɗauke da dalma kashi 82.6 cikin ɗari. Yaro yakan murza ido ya kai hannu baki, ta haka dalmar ke shiga. Mutanen Arewa sun ga aikin wannan guba a Zamfara a 2010, lokacin da ƙurar haƙar zinariya ta kashe ɗaruruwan yara. Kaɗan ɗin da bai kai ga kisa ba yana rage kaifin ƙwaƙwalwa, kuma masana ba su san wani adadi na dalma da za a ce ba ya cutar da yaro ba.

4.5 Cewa rana ba ta yi wa baƙar fata komai

Akwai gaskiya a cikin wannan, amma ba duka ba. Melanin garkuwa ce. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1979 ya nuna cewa kariyar da hawan sama na baƙar fata ke bayarwa daga hasken da ke ƙona fata ta kai wajen 13 a ma'aunin SPF, ta farar fata kuwa wajen 3. Shi ya sa sankarar fata da rana ke haddasawa ba ta da yawa a tsakanin baƙaƙe. Amma rana ita ce ke ƙara wa tabon ƙuraje duhu, ita ce kuma ke tsananta baƙin da ke fitowa a kumatun wasu mata lokacin goyon ciki. Likitocin fata suna ba da shawarar man kariya mai lamba 30 ko fiye, inda kuma babu halinsa, inuwa da malafa da laima suna aiki. Ga zabiya wannan batu ne na rai da mutuwa, domin sankarar fata tana cikin manyan abubuwan da ke kashe su a Afirka. Wanda ya kashe melanin ɗinsa da mai kuwa ya jefar da garkuwarsa ne a ƙasar da rana ba ta hutu.

4.6 Cewa kula da fuska aikin mata ne

Fatar namiji da ta mace gini ɗaya ne. Maza ma suna da tasu matsala, watau ƙurajen aski a haɓa da wuya. Da yawa suna ɗora laifin a kan askar wanzami ko injin mai aski, alhali galibi gashin ne da kansa. Gashin baƙar fata a murɗe yake, idan aka aske shi ƙwal sai tsininsa ya lanƙwaso ya soki fata, wurin ya kumbura. Barin ɗan tsawo ga gashin, da bin inda ya kwanta wajen aski, sun fi duk wani mai da za a shafa daga baya. Tsaftar kayan aski kuwa wajibi ce saboda wasu cututtukan daban.

5.0 Kammalawa

An ga cewa waɗannan kura-kurai suna komawa ga rikita abubuwa uku da harshen Hausa ya riga ya bambanta, watau tsafta da haske da fari. Tsafta ita ce kawar da gumi da ƙura, kuma wanke fuska sau biyu a yini da hannu da sabulu marar kaifi ya wadatar. Haske shi ne sheƙin fatar da katangarta ke tsaye, ana kuma samun sa ta hanyar shafa mai daidai da irin fatar mutum, da kauce wa zafin rana, da barci da abinci mai kyau. Fari kuwa launi ne da ake gado, kamar baƙi da wankan tarwaɗa. Ƙurjin da ya ƙi ji, ko tabon da ke girma ko sauya kama, ko gyambon da ya ƙi warkewa, na likita ne.

Akwai aiki a nan ga masu nazarin harshe. Masu tsara ƙamus suna iya rubuta sabuwar ma'anar da aka ɗora wa haske, su nuna lokacin da ta shigo da inda ta fito. Masu fassarar tallace-tallace da shirye-shiryen lafiya a rediyo suna iya kiran man canza launi da sunansa. Malaman makaranta kuma, waɗanda ke tare da yara a daidai shekarun da ƙurajen balaga ke fitowa, su ne suka fi kowa damar gaya wa ɗalibi cewa abin da ke fuskarsa ba ƙazanta ba ce, tun kafin ya kai kansa ga mai kwaɓa haɗi a kasuwa.